Ajiyar Malam Mutari

Ƙarfe biyu da kwata na dare
tsawa ta faɗi bayan duwatsun Birni.
Kuran ya tafi, ya dawo da fushi,
injin ɗakin tangaraho ya farka
bai san ko sunansa ba.

Na iso bisa kabu-kabu, laka har gwiwa.
Ɗan Jimma mai gadi ya haska mini tocila:
"Fitilun nan naka duk sun yi ja,
kamar garwashin mai tsire."

Na auna zaren gilashi, lafiyarsa lau.
Siririn da bai kai gashin kai ba
ya ɗauko haske tun daga Maraɗi ta ƙarƙashin ƙasa,
ya zo bakin ƙofa, ya yi sallama,
mai gida ya manta yadda ake amsawa.
Wace kafa ke zuwa likita?
Wace ke zuwa banki, wace tashar mota?
Fanko. Kamar yau aka kwance shi daga kwali.

Cikin durowa akwai gwangwanin madara,
cikin gwangwani akwai kile ɗaure da jan zare,
da ƴar takarda, rubutun Malam Mutari
wanda ya bar mu ya koma Mirya noman albasa:
"Ajiya. Laraba, tara ga Maris.
Kada a taɓa sai an shiga uku."

To, Malam, mun shiga.

Na jona waya, baƙin allo ya buɗe ido.
Kalmar sirri, na kuskure sau ɗaya.
Na tura ajiyar, ya tambaye ni:
ka tabbata? I ko a'a.
Ban taɓa tabbata da komai ba ƙarfe uku na dare.
Na ce i.

Kashi goma. Kashi talatin.
Kashi arba'in da bakwai ya tsaya cik
kamar jaki a bakin kwalbati.
Idan wuta ta ɗauke yanzu, mun binne shi.
Gurup na tari a waje,
Ɗan Jimma riƙe da jarka yana lallashinsa,
ni kuwa sauro na cin wuyana, ban kore shi ba.

Sai ya motsa. Ɗari.
Ya mutu, ya tashi,
fanka ta yi ajiyar zuciya,
fitilu suka fara komawa kore
ɗaya,
ɗaya,
sai biyar a tare,
kamar gero kwana uku bayan shuka.

Na yi hamdala, sannan na ƙirga.
Lissafi bai cika ba.

Garin da ya dawo garin Maris ne.
Shagon Fanna mai tura kuɗi a Sabon Gari
ba a haife shi ba tukuna.
Sabuwar lakwal ta Karkada fili ce.
Amma layin Alhaji Kanta mai fata,
wanda muka kai makwanci kafin damina,
ga shi a raye, da lambarsa da komai,
yana neman haske ga shago mai kwaɗo biyu.

Na jawo kundi mai gefen maiƙo,
na shigar da su da hannu,
suna goma sha tara, kowa da kafarsa,
har ladanin Zango ya yi kiran farko.

Saura Alhaji.
Yatsana ya tsaya bisa maɓallin shafewa.
Shi ya ɗinka mini jakar da wannan odinatar ke ciki,
bai karɓi ko dala ba.
Na ce ya kwana. Gobe ma rana ce.

Na yi sabuwar ajiya, da shi a ciki,
na yago takarda, na rubuta kwanan wata.
Rubutuna bai kai na Malam kyau ba.
Gwangwanin ya ɗauki biyu.

Ɗan Jimma ya leƙo da shayi, salula a hannu:
"Rezo ya dawo. Ɗiyata ce daga Agadas,
wai me ya hana ni barci."